BAYAN KYAMARA: Girar Da Ba Ta Jin Sabulu

Tun zamanin kaset akwai ƙorafi guda da masu kallo ba su gaji da yi wa 'yan fim ba. Za a nuno jaruma an tashe ta daga barci da tsakar dare, wai an zo mata da mummunan labari, amma gira tsaf, leɓe na ƙyalli, ko kwallin idonta bai goge ba. A da dariya ake yi, wani ya zauna ya rubuto wasiƙa ya ce darakta bai san aikinsa ba. To yanzu zancen ya canza salo. 'Yan matan da ke bin Labarina da Izzar So da Kwana Casa'in a wayoyinsu sun daina dariya, sun koma tambaya: wai shin irin wannan girar ce ake cewa ta dindindin? Kuma a ina ake yin ta?

Tambayar farko amsarta ba wuya. Abin da ake gani a allo aikin mai kwalliya ne, wadda ke tsaye a bayan kyamara da soso a hannu, tana jira darakta ya ce a tsaya ta ruga ta gyara fuskar da gumi ya ɓata. Ga hasken fitila, ga kuma mai tace hoto da zai zo daga baya ya ƙara nasa gishirin a kwamfuta. Hoton da jaruma ke sakawa a Instagram kuwa, wannan kowa ya san sai ya bi ta hannun filta kafin ya fito.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi nauyi, domin ba 'yan gayu ne kaɗai ke yin ta ba.

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, da zarar kaka ta yi, amfani ya shigo gida, manyan motoci suka fara lodin rake, to an shiga kakar biki. Daga Paki zuwa Gubuchi, daga Likoro zuwa Gimi, da wuya mako ya wuce ba a kai amarya ba. Amaryar yanzu kuwa ba ta yarda da hoda da jagira irin ta yayyenta. Sai an ɗauko mai kwalliya daga Zariya ko Kano, ko kuma wata 'yar gari da ta je ta koyo, ta zo da akwatinta ta zauna a kan fuskar amarya awa biyu, sannan ta bi ƙawaye ɗaya bayan ɗaya. A cikin ƙawayen nan ba a rasa guda wadda kowa ya san halin fuskarta. Ita ce wadda washegarin kamu za ta tashi ido a kumbure kamar zuma ta harbe ta, ko leɓe ya yi ta saɓa, ko kumatu su feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Ga hunturu ya busar da fata, ga ƙura. Ranar walima ita ce mai ɗaukar wa mutane hoto, don ba ta son a ɗauke ta.

Irin wannan yarinya ake yi wa tallar kwalliyar dindindin. Maganar kuma in an ji ta akwai daɗin kunne: tunda fatarki ba ta son hoda da jambaki, ƙanwata, zo a yi miki sau ɗaya ki huta. Ba shafawa, ba gogewa, ba kumburi. Sana'ar ta yi ƙarfi a Legas da Abuja, tallarta kuma ta riga ta iso kowane lungu ta TikTok, kuma duk mai bin yadda yayi ke tafiya a Arewa ya san abin da ya shiga waya yau, gobe yana shagon unguwa.

To mece ce ita kwalliyar dindindin ɗin? Duk sunan da aka lanƙaya mata, tatu ce. Ana amfani da allura a huda fata a cusa launi a ƙarƙashinta, zurfin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Akwai wadda ake yi da ɗan inji mai kama da biro, shi ake zana bakin ido da leɓe da shi. Akwai kuma ta gira da ake kira maikurobiledin, wadda ake jera ƙananan allurai kamar bakin reza a riƙa tsaga fata siri-siri, kowace tsaga ta yi kama da silin gashi, sannan a shafa launi ya shiga. Wurin yakan yi ɓawo ya saɓe, kuma sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin ya warke sosai, daga nan a koma a sake bi. Fatar sama kullum saɓewa take tana sabuntawa, shi ya sa lalle ke gogewa cikin makonni. Amma launin da aka kai ƙasa, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke haɗiye shi su riƙe a wurin. Wani kason ma yakan bi magudanar jiki ya je ya taru a inda kaluluwa ke fitowa.

Duk wanda ya tashi a yankin nan zai ce ai wannan tsohon zance ne, kuma gaskiyarsa. A leƙa fuskar tsofaffin mata a ƙauyukan Ikara da Maƙarfi, musamman a gidajen Maguzawa da rugagen Fulani, za a ga kwalliyar dindindin tun kafin a haifi mai TikTok. Ban da tsagar gado da ke nuna asalin mutum, akwai wadda budurwa ke zuwa da ƙafarta wurin wanzami don ado kawai: kalangu a kumatu, 'yar baka a gefen baki, wani zanen a wuya ko a dantse. Wanzami ya tsaga da aska, a goga baƙin tukunya, ya warke ya zama shuɗi-shuɗi. Matan Fulani kuma su baƙanta leɓe ta hanyar tsira da shafa baƙi. A zamaninsu wannan shi ne ƙarshen gayu, samari har rububi suke. Yau jikokinsu ne ke tambaya, “Kaka, wai me ya kai ki?” Ita kuma kakar ba ta da amsar da ta wuce cewa a lokacin haka ake yayi. Karatun addini da ya yawaita, da tsoron cututtukan da aska ke yaɗawa, da sauyin ido, su suka kashe wannan ado. Hatta dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko tatu. Abin mamaki shi ne yadda aka kore shi ta ƙofa da askar wanzami, ya zagayo ta taga da injin caji da sunan Turanci.

Amma ba batun tsoho ko sabo ne ya fi damun wannan fili ba. Abin dubawa shi ne wadda ake yi wa tallar.

Yarinyar da hoda ke kumbura wa fuska tana da gata guda ɗaya wanda ba ta san darajarsa ba: ruwa da sabulu. In abu ya ƙi ta, ta wanke, ta daina shafawa, cikin kwanaki fuska ta lafa. To ranar da aka cusa mata launi ƙarƙashin fata, wannan gatan ya tafi. In jikinta ya ƙi launin, babu sabulun da zai kai wurin. Abin da take gudu a waje, shi ne aka kai mata cikin ɗaki aka kulle ƙofa. Launin da ake tatu da shi kuwa ba ruwan zamzam ba ne. Haɗi ne na garin ƙarfe mai tsatsa, da farin sinadarin da ake sa wa fenti, da rini iri-iri na masana'anta, da abubuwan hana lalacewa, wani lokaci har da ɓurɓushin ƙarfen nikel, wato irin ƙarfen da ke sa kunnen wasu mata ya yi ruwa in sun sa ɗan kunnen da ba na gwal ba. Likitocin fata sun daɗe da lura cewa jan launi shi ya fi kowane tayar da borin fata, kuma shi ne dai ake zuba wa leɓe.

Wata za ta ce ai sai a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne tukuna. Nan ma akwai gizo. Borin tatu ba lallai ne ya fito a ranar ba, ko a makon. Yakan yi wata da watanni, wani lokaci shekaru, sannan wurin ya fara ƙaiƙayi, ya yi tudu, ya fitar da ƙullutai masu tauri. Saboda haka gwajin kwana biyu ba ya ba kowa tabbaci.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, ya faru a inda ake tinƙaho da doka da oda. A Amurka, tsakanin 2003 da 2004, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta samu rahoto sama da 150 na mutanen da wasu launukan kwalliyar dindindin suka yi wa illa: kumburi, tsagewar fata, ƙullutai a bakin ido da leɓe, wasu har cin abinci da magana suka zame musu aiki. Hukumar kuma ta sha faɗa cewa babu wani launi da ta amince a riƙa cusawa cikin fatar mutum don ado. Tarayyar Turai ita ma a Janairun 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a cikin tawadar tatu da ta kwalliyar dindindin. To in can da ake da masu bin diddigi haka ta faru, ina ga kwalbar da aka yi odarta ta waya, ba lambar NAFDAC, rubutun jikinta ma ba mai iya karantawa?

Sai kuma abin da ya shafi baƙar fata musamman. Akwai masu irin jikin da ko hujin kunne aka yi musu, ko ƙurji ya warke, sai wurin ya yi tsiro mai tauri yana sheƙi, yana girma ya wuce asalin ciwon. Likitoci na kiransa kiloyid, kuma ya fi yawa ga baƙaƙe nesa ba kusa ba. Mai irin wannan jiki in ta miƙa girarta aka yi mata ɗaruruwan tsaga, ta sayi abin da ya fi ƙarfin jagira. Ko wadda ba ta da shi, baƙar fata takan bar baƙin tabo a duk inda aka ji mata ciwo. Ga kuma batun allura. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar wannan ciwo ta fi ta ƙanjamau saurin kamuwa, kuma tana iya kwana bakwai a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Goga spirit da auduga ba ya wadatarwa. Allura sabuwa fil daga leda, ɗan kofin launi na mutum ɗaya, safar hannu: in aka rasa ɗaya cikinsu, to an koma gidan jiya, zamanin aska ɗaya yara goma.

In kuma aikin bai yi kyau ba fa? Masu tallar kan ce ai ba ta har abada ba ce, shekara 1 zuwa 3 ta dushe. Dushewa daban, tafiya daban. Baƙi yakan koma toka-toka ko shuɗi, ruwan ƙasa ya koma ja-ja kamar bulo. Cirewa sai da hasken leza, zuwa bayan zuwa, kuɗin ya ninka na yin, kuma ba a kowane gari ake samun injin da ya dace da baƙar fata ba. Wanda bai dace ba ƙona wurin zai yi ya bar fari. Wani abin takaicin, launukan da ke da garin ƙarfe ko farin sinadarin nan, maimakon su goge in leza ta taɓa su, sai su rikiɗe su yi baƙi ƙirin nan take. Mace ta je cire jan leɓe ta dawo da baƙi. Tirƙashi!

Su 'yan fim sun fi kowa sanin cewa kayan kwalliya ba abin wasa ba ne, don tarihin sana'arsu cike yake da waɗanda suka ɗanɗana. A 1938, lokacin da ake ɗaukar shahararren fim ɗin nan na Amurka, The Wizard of Oz, an ba ɗan wasa Buddy Ebsen rol ɗin mutumin gwangwani. Kullum sai a bulbule masa fuska da garin alminiyam don ya yi ƙyalli. Ba a yi mako biyu ana aiki ba numfashi ya gagare shi, sai asibiti. Kamfani bai jira shi ba, ya ɗauko Jack Haley ya maye gurbinsa, aka mayar da garin ya zama na kwaɓawa, shi ma ya samu ciwon ido. Ita kanta hodar da matan Hausa ke kira fankeke, sunan ya samo asali ne daga Pan-Cake, wadda kamfanin Max Factor ya ƙirƙiro wa 'yan fim a wajajen 1937, lokacin da fim mai kala ya fara tona asirin tsohuwar kwalliya mai maiƙo. Amma a lura da abu guda: Ebsen ya sha wuya, sai dai da aka raba shi da garin ya warke, ya ci gaba da sana'arsa shekaru da dama. Abin da ya cece shi shi ne abin a waje yake.

Akwai wani labarin daga can wanda ya fi kusa da gida. A 1933 an yi yayin wani rinin gashin ido da gira a Amurka mai suna Lash Lure. Mata da dama suka makance, ɗaya ta rasa ranta, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka yi dokar kayan kwalliya ta 1938 a ƙasar. Sinadarin da ke cikinsa shi ne PPD. To wannan PPD ɗin dai shi ne ke cikin dayis, baƙin rinin da ake yi wa amare zanen fulawa da shi a hannu da ƙafa, har wasu masu kwalliya ke ɗiba su shata gira da shi don ta kwana biyu ba ta goge ba. An yi shi ne don rina gashi, ba don a ɗora a fata ba. Lalle na gaskiya, na ganye, ja yake yi, kuma sai an ƙunsa an jira. Duk wanda ya yi baƙi wuluk cikin rabin awa, akwai abin da aka zuba masa. Wadda jikinta ya taɓa ƙin dayis, zanen ya tashi ya yi bororo ya bi sawun fulawar, to ta riƙe a ranta cewa jikin ba ya mantawa. Har ta tsufa, ranar da ta rina furfura da baƙin rini, zai iya tasowa ya fi na farko.

A nan ne ake yin kuskuren da ke kai mutum ga allura. Yarinya za ta ce “ni kwalliya ce ba ta karɓe ni ba,” kamar kwalliya abu ɗaya ce. Alhali yawanci abu guda ne ko biyu a cikin tarkacen ke yi mata ta'adi. Sau da yawa turaren da ake sa wa hoda da mai ne. Wani lokaci sinadarin hana lalacewa. Wani lokaci gam ɗin da ake manna gashin ido da shi, wanda shi ne kan gaba wurin kumbura fatar ido a gidan biki. Wani lokacin ma ba bori ba ne sam, ƙazanta ce: soso ɗaya da burushi ɗaya sun bi fuska goma sha biyu tun safe, an fara da mai ƙuraje an ƙare da mai ciwon ido. Ga jabun kaya da ke cika kasuwa, kwali irin na kamfani, abin ciki Allah kaɗai ya sani. Ga wanda ya shekara uku a akwati yana shan zafin rana.

Sai babban ɓarawon da ba a son ambata: man bilicin. Yawancin haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna, wai na gyaran amarya, akwai maganin sitiroyid mai ƙarfi a ciki, irin wanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. In aka yi watanni ana shafawa, fata takan yi siriri kamar ledar biredi, jijiyoyi su bayyana, ko ruwan zafi ya taɓa ta sai raɗaɗi. Mai irin wannan fuska komai ta shafa zai ƙone ta, sai ta ɗora laifin a kan hoda. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana kuka a kan mayukan nan. Fatar da bilicin ya cinye kuma ita ce mafi munin wurin da za a ɗora allura, don ba ta saurin warkewa kuma ba ta riƙe launi daidai.

Kada kuma a ce komawa kayan gargajiya shi ke nan an tsira. Kwalli, wanda ake ganin ya fi komai aminci har ana ranbaɗa wa jarirai, na dutse yawanci dalma ce a cikinsa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan 'yan Nijeriya. Da aka bi sawu sai aka gano tozalin da aka kawo daga gida ake sa masa, kuma awo ya nuna sama da kashi 82 cikin 100 na tozalin dalma ce. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Kwalli ba ya sa ƙaiƙayi, ba ya kumbura ido, shi ya sa ba a zarginsa.

Ta fuskar addini kuwa, zancen ba ɓoyayye ba ne. Hadisin da ya yi hani mai tsanani a kan yin tatu da neman a yi wa mutum yana cikin Buhari da Muslim, kuma duk ɗalibar Islamiyya ta wuce ta kansa. Masu tallar sukan kare kansu da cewa tasu ba tatu ba ce tunda tana dushewa. Malamai da yawa ba su karɓi wannan ba, suna cewa in dai an huda fata an cusa launi, sunan da aka ba abin ba ya canza hukuncinsa. Wasu sun yi sassauci ga larura, kamar wadda gobara ko ciwo ya raba da girarta. Wannan fage ne na malamai, mai niyya ta je ta tambaya kafin, ba bayan ba. Amma akwai tambayar da ko ba malami zai iya yi. Matar da mijinta ya rasu za ta yi wata 4 da kwana 10 tana takaba, ba kwalli, ba lalle, ba ado. Wadda aka dasa wa jan leɓe da baƙin ido, yaya za ta ajiye nata?

Ga 'yan matan da ke mafarkin shiga industiri, su ma akwai lissafin da ya kamata su yi. Fuskar 'yar wasa allo ce, kullum sai an wanke an sake rubutu. Yau matar attajiri ce a Abuja, gobe mai tallar fura a ƙauye, jibi majinyaciya a gadon asibiti. Kyamarar yanzu kuma ba irin ta zamanin Sangaya da Wasila ba ce, har ramin gashi tana nunawa. Daraktan da ke neman fuskar 'yar ƙauyen da ba ta taɓa ganin madubi ba, me zai yi da mai girar da aka auna da rula? Sannan a koma YouTube a kalli finafinan farkon shekarun 2000. Gira siririya kamar zare, an aske an ja layi ɗaya da jagira, an zagaye leɓe da baƙi an cike tsakiya da mai ƙyalli. A lokacin duk yarinyar da ba ta yi haka ba 'yar ƙauye ce. Su jaruman wancan zamani sun wanke tasu sun bi sabon yayi. Da a ce dasa musu aka yi, da yanzu suna cikin sahun Kaka mai kalangu.

Adalci shi ne a faɗi cewa akwai waɗanda wannan aiki ya share wa hawaye. Wadda maganin ciwon daji ya zubar wa gira, wadda ta ƙone, wadda aka ɗinke wa tsagaggen leɓe tabon ya fito, wadda hannunta ke rawa ko idonta ba ya gani sosai balle ta ja jagira. A ƙasashen da abin ya zauna, irin waɗannan sukan yi shi ne da shawarar likita, a wurin da ake dafa kayan aiki kamar na tiyata, kuma a rubuta sunan launin da aka yi amfani da shi a ajiye, don ko hoton MRI za a ɗauki mutum wata rana ana so ya faɗa, tunda launi mai ƙarfe a ciki yakan yi ɗan zafi a cikin injin, duk da ba kasafai ba. Sai dai a duba jerin nan da kyau. Matsalarsu rashin gira ce ko tabo. Mai fatar da ke bori ba ta cikin jerin, ita ce ma wadda ƙwararren mai aikin zai fara tambaya ya ce ta dakata.

To ina mafita ga ƙawar amarya mai kumburin ido? Mutanen yankin nan suna da sa'ar da wasu ba su da ita, domin Zariya na kusa. Daga Hunƙuyi tafiyar ba ta da nisa, daga Maƙarfi a fito Tashar Yari a miƙe. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai likitocin fata, asibitin Saye ma an daɗe da saninsa da duba ciwon fata. Mai zuwa ta tattara duk abin da take shafawa a leda ta tafi da shi, har da robar haɗin da take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, don likita ba zai gane ba in an rage masa labari. Wadda ta daɗe a kan mai sitiroyid kada ta yanke shi rana ɗaya da kanta, fuskar takan yi tawaye, likita ne zai tsara yadda za a janye. Akwai gwajin da ake manna ƙananan sinadarai a gadon baya, a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, har a gano takamaiman abin da jiki ke ƙi. In ana buƙatarsa, likitan ne zai faɗi inda za a yi. In kuwa fuska ta kumbura har numfashi ya fara wuya, wannan ba ta jiran Zariya ba ce, asibiti mafi kusa za a nufa a lokacin, na Ikara ne, na Maƙarfi ne ko na Hunƙuyi.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi. A sami wuri a cikin dantse, kusa da gwiwar hannu, a shafa abin da ake zargi daidai faɗin kwabo, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10. Abu ɗaya a wuri ɗaya, kada a haɗa. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, an kama ɓarawo, a wanke a rubuta sunansa. Dayis kaɗai ne ba a yi wa wannan gwaji, don gwajin kansa na iya koya wa jiki ƙin sa. Wadda bikinta ko na ƙawarta ke tafe, sai ta je wurin mai kwalliyar tun saura mako biyu, ta ce, “Anti, ɗan ɗiba mini cikin waɗanda za ki sa mini ranar.” Mai kwalliyar kirki ba za ta ji haushi ba. Ranar kamu kuma ta zo da sosonta da burushinta a jaka, ta ce a bar mata gashin idonta na Allah, ba sai an manna wani ba.